Kwatar Nima: a rufe ta, ko a fasa kankaren a yi wurin shaƙatawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamar makaranta ce a Maamobi, cikin birnin Accra. Yaranmu ba su da wurin wasa sai lungu da bakin titi. A taronmu na iyaye da malamai kai ya rabu a kan babbar kwatar nan da ke tsakaninmu da Nima. Wasu sun ce a nemi gwamnati ta rufe ta da kankare, a yi shaguna da filin wasa a kai. Wasu kuma sun ga bidiyon Singafo inda aka fasa kankare aka mai da kwata rafi mai ciyawa da itatuwa, suka ce irinsa za a nema mana. Wanne ne zai yiwu, kuma wanne zai rage mana ambaliya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri a kan ɗawainiyar yaranmu. A daidai wurin da kike magana, tsakanin Nima da Maamobi, ba zan ba da shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Rufewar na iya ƙara muku ambaliya, fasawar kuma ba ta da inda za ta shiga sai an rushe gidajen jama'a. Amma fa masu maganar Singafo ba shirme suke yi ba. Irin wannan wurin shaƙatawa yana yiwuwa a Accra, yana ma cikin abubuwan da suka fi dacewa da ciwonmu, sai dai muhallinsa can sama ne inda ruwan ke fitowa, da can ƙasa bakin tafkin Korle. Abin da ya dace da unguwarku bai kai wannan girma ba, zan zo kansa.

Kowane rafi shimfiɗa biyu gare shi. Akwai 'yar hanyar da yake bi kullum, akwai kuma fadamar da ke dama da hagu, wadda yake bazuwa a cikinta in an yi ruwa mai ƙarfi. Mutane suna kallon fadamar a matsayin filin da ya rage, alhali ɓangaren rafin ce. Saboda haka duk wurin shaƙatawar da aka yi a cikinta, a wajen injiniya ma'ajiyar ruwa ce tukuna. Ƙwallon yara da inuwar bishiya suna biyo baya. Ruwa ne mai gida, mu 'yan haya ne da ya bar wa ɗakin kusan duk shekara, da sharaɗin ranar da ya dawo mu tashi ba gardama. Wanda ya tsara wurin bai yarda da wannan sharaɗi ba, damina ɗaya ta isa ta wanke masa furanninsa.

Tunda malama ce ke, bari mu yi lissafin da za ki iya rubuta wa iyaye a allo. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan hekta 1, lita 10,000 ke nan. Ruwan milimita 50, wanda a watan Yuni yana iya zuba cikin awa ɗaya ko biyu, ya zama lita 500,000 a kowace hekta. In hektar nan ƙasa ce da ciyawa, akasarinsa nutsewa yake ko ya ɗan tsaya, abin da ke gangarowa kashi 10 ne zuwa 30 cikin 100. In kuwa kwano ne da siminti da kwalta, kamar namu, kashi 80 zuwa 90 ke gangarowa, kuma cikin mintoci. Ɗauki unguwa mai hekta 100: lita miliyan 40 ke nan suna neman kwata ɗaya. Cikakken filin ƙwallo bai cika hekta ba, kusan kashi 7 cikin 10 ne na hekta. In aka sauke shi mita 1 ƙasa da titi, zai riƙe wajen lita miliyan 7. Za ki ce ai bai kai ko'ina ba. To, ba duka ake so a riƙe ba. Ruwan da ke shiga ɗakunan mutane shi ne na ɗan lokacin nan da kwata ta cika ta tumbatsa, rabin awa ko awa guda. In aka tsare wannan, aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin awa shida ko goma, kwatar da ta kasa ɗazu za ta iya ɗauka.

Kwatarku kuma ba zaman kanta take yi ba. Tana gangarawa ta Paloma da Asylum Down ta faɗa kogin Odaw kusa da Circle, wato babbar mahaɗar tituna ta Kwame Nkrumah. Shi Odaw daga tuddan wajen Abokobi yake tasowa, ya biyo ta Achimota da Alajo da Avenor, rafin Onyasia ya same shi a hanya, su bi ta Agbogbloshie su shiga Korle, daga nan sai teku. Ƙasar da ke zuba ruwanta a cikinsa ta haura murabba'in kilomita 250. Accra ma ba garin ruwa ba ce. Yawancin shekaru ba ta samun milimita 1,000, Kumasi ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ke cinmu shi ne saurin isowar ruwan. Wuraren da iyayenmu suka sani daji ne da gonaki a arewacin gari, yau gidaje ne, kowane tsakar gida an shafe shi da siminti ko tayil, kowace sabuwar kwata da aka gina a can tana ƙara wa ruwan gudu. Duk sai ya iso Circle a lokaci guda, a inda ƙasa ta kwanta ba gangara, yashi ya cinye zurfin hanya, in kuma aka yi rashin sa'a teku ta cika a lokacin, ta tokare shi daga gaba. Abin da ya faru ke nan daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Duk shawarar da za ta sa ruwanku ya fi saurin isa can, ko ta rage masa wurin tsayawa, ku san cewa a kan wani za ta ƙare.

Na san abin da ya sa maganar rufewa take da farin jini. Wari zai ragu, yaro ba zai faɗa ba, ga fili ya samu a unguwar da ko suna za a yi sai an tare titi. Amma ki leƙa kwatar washegarin ruwa mai ƙarfi. Za ki ga yashi da laka sun kwanta a ƙasanta, ledojin fiya wata sun maƙale a jikin duk ƙarfen da ya leƙo, ga tsohuwar katifa, ga taya, ga robobi sun taru a bakin kwalbati har akuya na iya takawa ta tsallaka. Muddin kwata a buɗe take, ana ganin wannan, katafila ko matasa da shebur suna iya kwashewa. In aka rufe, shara ba ta daina shiga, ganinta ne aka daina. Kwashewar ta koma aikin shiga rami, ramin da iskar ƙazanta ke taruwa, wata mai kashe mutum cikin mintoci, wata mai kamawa da wuta. Sannan rufaffiyar kwata in ta cika ko ta toshe, ruwan baya yake komawa, ya ɓullo ta ƙananan kwatocin lungu, ya shiga gidajen da a da ba ya kaiwa. Ranar da aka gina shaguna a kai kuwa, magana ta ƙare: ba mai faɗaɗa ta kuma, ba mai buɗe ta ya gyara sai an sha rigima da masu shago. Gadojin tsallakawa, da rufe ɗan gajeren wuri da murfin da ake iya ɗagawa, wannan babu laifi. Rufe ta tun daga sama har ƙasa kam, an gudu ne ba a tsira ba.

Bidiyon Singafon da ya fi yawo na filin Bishan ne, inda aka fasa kwatar kankare mai tsawon kilomita 2.7 a kan kogin Kallang, aka mai da ita rafi mai lanƙwasa, aka buɗe a 2012. Aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai akwai abu biyu da bidiyo ba ya nunawa. Kwatar tasu a gefen wani filin gwamnati mai hekta 62 take, wanda dama wurin shaƙatawa ne, rafin kawai aka bari ya shigo ciki. Kafin nan kuma Singafo ta shafe shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, tana tsabtace kogunanta: ta haɗa gidaje da bututun ƙazanta, ta kwashe masu kiwon alade da agwagi daga bakin ruwa, ta gina wa masu sayar da abinci a titi kasuwanni. Ɗayan bidiyon da ake yawan turawa na Seoul ne a Koriya ta Kudu, inda aka rushe gadar sama tsakanin 2003 da 2005 aka fito da rafin da ke ƙarƙashinta. Shi ma kada ya ruɗe ku, ruwan da ke gudu a cikinsa inji ke turo shi, akasari daga kogin Han, kullum ana biyan kuɗin wuta.

Ga dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi a wajena. Kankare santsi gare shi, ruwa yana gudu a kansa, ciyawa da duwatsu kuwa riƙe shi suke. Hanya biyu masu faɗi ɗaya, zurfi ɗaya, gangara ɗaya, mai ciyawar ba za ta ɗauki fiye da rabi ko sulusin abin da mai kankaren ke ɗauka ba. Sannan bangon kankare a tsaye yake, gaɓar ƙasa kuwa dole a kwantar da ita, kowace mita 1 ta zurfi tana cin mita 3 ko 4 na faɗi a kowane gefe. A ce zurfin kwata mita 3 ne: ƙarin mita 9 zuwa 12 ke nan a dama, haka a hagu, tun ba a zo kan hanyar tafiya da itatuwa ba. Gobe in za ki tsallaka, ki tsaya a kan gada ki ƙiyasta mita 12 daga bakin kwatar. Ɗakuna nawa ne a ciki, masallatai nawa, shaguna nawa? In aka fasa kankaren ba a sami wannan faɗin ba, an rage wa kwatar ƙarfi ne kawai, ruwan da take wucewa da shi yau zai kwana a ɗakunanku.

A ce ma filin ya samu. Ruwan da ke gudu a kwatar a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu ba ɗigon ruwan sama, daga ina yake? Ki bi gefenta ki duba bututun robar da suka leƙo daga bangayen gidaje, kowanne yana tsiyaya: ruwan wanka, na wanke-wanke, na wanki, wani wurin har na bayan gida. Shi ya sa launinsa toka-toka, gefensa baƙi. Gidajen Accra ƙalilan ne ke haɗe da bututun ƙazanta na gari. Ki tuna kwalarar 2014, da ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, sama da 200 suka rasu, kuma Accra ce ta fi jin jiki. Bangon kankaren da muke ƙi, a yau shi ne ke raba yara da wannan ruwa. In aka kwantar da gaɓa aka shuka ciyawa, an yi musu hanyar sauka ke nan. Don haka kafin a dasa ko bishiya ɗaya, sai an shimfiɗa bututu a gefen kwatar wanda zai tare waɗancan ƙananan bututu duka ya kai ruwan wurin tacewa, sai an samar da bayan gida a cikin gidaje, sai aboboya mai kwasar shara ta riƙa shiga lunguna a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Wanda ba shi da inda zai kai shararsa, hadari yake jira ya zuba ta a kwata, wa'azi kuma ba ya hana wannan. Za ki ji ana cewa ciyayin ruwa suna tace ƙazanta. Suna yi, amma ga ruwan da aka riga aka rage masa datti, kuma suna cin fili mai yawa.

To ina wurin yake? Na farko, sama. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID na rage ambaliya a Accra, wanda ya shafi yankin Odaw, aka ƙara miliyan 150 a 2023. Cikin abin da aka tsara tun farko akwai yashe Odaw, da gyaran unguwannin Nima, Alajo da Akweteyman, da tafkuna biyu na tsare ruwa a wajen unguwar Atomic, arewacin gari. Irin waɗannan tafkuna su ne ainihin gurbin shawararku ta biyu, domin kwanaki kaɗan a shekara suke cika, sauran lokaci a bushe suke. In aka haƙa rami aka kewaye da waya aka tafi, ba a daɗe zai zama bola, daga baya wani ya cike gefe ya aza bulo. In kuwa filin ƙwallo ne da matasa ke bugawa kowace yamma, ga hanyar da dattawa ke motsa jiki bayan Asuba, duk wanda ya kawo tifar yashi da dare, kafin hantsi labari ya kai. A ganina wannan ce babbar hujjar yin wurin shaƙatawa a fadama, ta fi hujjar kyan gani: filin da ba kowa a kansa ba ya tsira a Accra. Curitiba a Birazil ta gane haka tun shekarun 1970, zamanin magajin gari Jaime Lerner. Maimakon ta kashe kuɗi a kan manyan kwatoci, sai ta mai da gaɓar kogunanta filaye masu tafkuna, irin Barigui da aka buɗe a 1972, har tumaki ta sa suna rage mata ciyawa. Kusa da mu kuma Kigali ta gyara fadamar Nyandungu mai hekta 121 ta buɗe ta ga jama'a a 2022. Waɗannan biyun sun fi kama da aljihunmu.

Akwai ma waɗanda suka daɗe suna tsare mana fadama ba da albashi ba. Ki je Dzorwulu gefen Onyasia da sassafe, za ki tarar da masu lambu, da yawansu da Hausa za ku gaisa, kowa da garwar ban-ruwa biyu, yana sauka bakin rafi yana hawowa, yana bi kan komayen latas da kabeji da albasa mai ganye. In ruwa ya hau lambun, asarar shuka ɗaya ce, bayan 'yan makonni an sake dasawa. Ba kamar ya hau ɗaki ba. Duk tsarin da zai kore su don a shuka ciyawar ado, ban yarda da shi ba. A bar su a ciki, a taimaka musu da ruwa mai tsabta, tunda latas ɗin nan ɗanye muke ci a kan waake.

Na biyu, ƙasa, bakin Korle, kuma nan ne darasin yake da ɗaci. Tun wajen shekarar 2000 aka fara aikin farfaɗo da tafkin da kuɗin bashi daga waje, da niyyar a yashe shi a kuma ƙawata gaɓarsa. An yashe, laka da shara suka sake gangarowa, saboda tushen abin yana sama. Ga kuma dubban mutane a unguwar Old Fadama da ke gaɓar tafkin, akasarinsu 'yan'uwanmu daga Arewacin Ghana, masu dako da 'yan kasuwa. An rushe wani ɓangare a Yunin 2015 bayan ambaliyar, aka tashi 'yan gwangwan na Agbogbloshie a Yulin 2021, aka mai da masu albasa Adjen Kotoku. Wanda aka tasa ba a ba shi madadi kusa da abincinsa ba, wata gaɓar rafin yake komawa. Ƙasar Agbogbloshie kuma ta sha ƙona wayoyi da fasa batura shekara da shekaru, akwai dalma a cikinta. Ba a kai yara wasa can sai an gwada ƙasar, an kwashe ta ko an binne ta ƙarƙashin sabuwa mai kauri. Kada a manta kuma Korle wuri ne mai alfarma a wajen Gaawa, wato ƙabilar Ga masu gari, ba a tsara komai a kansa a bayan idonsu.

Ta fuskar doka, akwai manufar gwamnati ta 2011 a kan tazarar da za a bari a bakin ruwa: mita 10 zuwa 60 ga manyan koguna, 10 zuwa 20 ga ƙananan rafuka. A inda ba a riga an gina ba, wannan makami ne, a yi amfani da shi yau kafin gobe. A unguwa irin Nima, wadda ta kafu tun kafin samun 'yancin kai, ba a zuwa da tef a ce kowa ya tashi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce in gwamnati za ta karɓi fili don amfanin jama'a, sai ta biya diyya mai adalci ba da jinkiri ba, ta kuma sake tsugunar da waɗanda ta tasa. Matsalar ita ce diyya mai gida take samu, ɗan haya kuwa, wanda shi ne mafi yawa a gidajenmu, sau da yawa ba ya cikin lissafi. In maganar tashi ta taɓa tasowa, wannan ce tambayar farko da za ku yi.

Shi wurin in an tashi yin sa, hawa uku ake yi masa. Can ƙasa 'yar hanyar ruwan kullum, da tarkon yashi da ragar tare shara a mashiga, a inda mota za ta iya zuwa ta kwashe. Hawa na biyu shi ne wanda ruwa ke hawa duk damina: filin ƙwallo, ciyawa, lambu, ba abin da zai lalace in ya nutse. Hawa na uku, sama da inda ruwa ke kaiwa, nan ake sa bayan gida, wurin alwala da salla, rumfunan masu abinci, da duk abin da ya shafi lantarki. Bencina na kankare ne, a kafe. Dole filin ya tsane cikin kwana biyu ko uku. Sauro yana buƙatar kamar mako guda ko fiye daga ƙwai zuwa tashi, in ruwa bai kai haka a kwance ba, bai samu ba. Gaɓa kuma jema ce maganinta, saiwarta tana nutsawa mita 2 zuwa 3 ta ɗaure ƙasa. Inda ruwa ke bugu da ƙarfi a sa kejin waya cike da duwatsu. Gora da giyayya suna jure jiƙa, maɗaci da dogon yaro a kai su sama don inuwa. Abin da ba na wasa da shi shi ne gargaɗi. Ana iya yin rana a Alajo alhali an kece da ruwa a Abokobi. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana kayar da babba, balle yaro. A Bishan akwai jiniya da fitilu da ke tashi in ruwa ya fara hawa. Mu ma sai da irinsu, da matakalar fita a kusa-kusa, da mai gadi da ya san aikinsa.

Kula da wurin ya fi gina shi wuya. Bayan kowane babban ruwa sai an kwashe laka da leda, in ba haka ba cikin damina biyu ramin ya cike. Aikin gayya na Asabar yana da lada, amma ba a ɗora abin da zai shekara hamsin a kansa. Durban a Afirka ta Kudu tana da tsarin da ya burge ni: ƙaramar hukuma tana ba ƙungiyoyin 'yan unguwa kwangila, kowace da wajen kilomita 5 na rafi, suna kwashe shara da ciyayin da ke toshe kwalbati, ana biyansu. Ga matasanmu nan a majalisun ataya suna neman abin yi. Ku lura kuma, tun 2018 Nima tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa, manyan magudanai kuma akwai hukumar ƙasa da dokar 2022 ta kafa domin su. Abin da yake da iyaye da yawa yana iya kwana da yunwa, don haka takardarku ta je wa dukansu, da sa hannun asambiliman na ɓangarorin biyu, wato wakilan unguwa a ƙaramar hukuma, da sarakunan zango da limamai.

Abin da zan ce ku nema a takardar: a bar kwatar a buɗe da kankarenta, a yi mata shingen ƙarfe da yaro ba zai zura ba, a ƙara gadojin ƙafa, a shimfiɗa hanyar tafiya mai faɗin mita 2 ko 3 a inda wuri ya bari, da fitilu, wadda kuma ita ce katafila za ta bi ranar yashewa. A sa ragar tare shara a bakin ƙananan kwatocin da ke shigowa, a tare bututun gidaje. Duk ɗan filin da ya rage a gefenta, tsohuwar bola ko kangon da ba a gina ba, a nemi ƙaramar hukuma ta tsare shi a rubuce, a sauke shi kaɗan, a yi wa yara wurin wasa. Ku kuma sa bakinku a maganar tafkunan sama, ko da ba a unguwarku suke ba, domin ruwan Odaw in ya ragu a Circle, taku kwatar ta fi samun inda za ta zubar. Duk wanda ya zo muku da zane, ku tambaye shi lita nawa wurin zai riƙe, cikin awa nawa zai tsane, ruwan ƙazanta ina za shi, wa zai tashi, wa zai biya mai shara a shekara ta biyar.

Akwai kuma abin da makarantarku za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba. A wannan daminar, bayan kowane babban ruwa, ɗalibai manya su zaga da malami, bayan ruwan ya janye sarai, su sa alamar fenti a bango daidai inda laka ta tsaya, su rubuta kwanan wata, su ɗauki hoto da waya. Injiniyan da zai yi muku zane zai fi amfana da wannan fiye da dogon jawabi, kuma yana da wuya a musa shi a ofis. In makarantar tana da tsakar gida, kada ku bari a shafe shi duka da siminti; ku sa tanki a bakin indararo, ku haƙa ɗan kwari mai zurfin taƙi ɗaya ko biyu nesa da gindin gini, inda ragowar ruwan kwano zai tsaya ya nutse, ku kewaye shi da jema. A dasa jemar farkon Afrilu, a riƙa ba ta ruwa makonnin farko. In aka bari sai Yuni, ruwa zai tuge ta tun ba ta kama ƙasa ba.